Shin da gaske Amurka tana da biza ta musamman ga ma'aikatan jinya masu son aiki a karkara?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ni ma'aikaciyar jinya ce kuma ungozoma, shekarata shida ina aiki a wani babban asibitin gwamnati a Jihar Katsina. A makon jiya wani mutum da ya ce shi wakilin kamfanin ɗaukar ma'aikata ne ya shaida mana cewa Amurka tana da biza ta musamman ga duk nas ɗin da ta yarda ta yi aiki a ƙauyukansu, inda ba su da isassun ma'aikata, kuma wai cikin wata shida mutum zai tashi da iyalinsa. Ya nemi mu fara biyan kuɗin fom. Ni aikin ƙauye bai taɓa ba ni tsoro ba, domin a ƙauye na fara aiki, amma ba na son in zuba kuɗin da na daɗe ina tarawa a kan abin da ban fahimta ba. Don Allah waɗanda suka bi hanyar nan su yi mini bayani.

NasBala_Dakota:
Wa alaikumus salam, Maman Ilham. Kada ki biya ko sisin kwabo. Ina aiki a wani ƙaramin gari a Jihar Dakota ta Arewa, kuma ina tabbatar miki cewa a yau babu wata biza a dokar Amurka da aka ware wa nas saboda ta yarda da aikin karkara. An taɓa yin mai kama da haka, ita ce H-1C, wadda wata doka ta 1999 ta samar domin yankunan da ke fama da ƙarancin ma'aikatan lafiya, amma mutum 500 kacal ake ba wa a shekara, kuma wa'adinta ya ƙare a watan Disamba na 2009, ba a sake sabunta ta ba. Ko a lokacin da take aiki, sharaɗinta shi ne asibitin ya kasance yana da gadon kwantar da marasa lafiya aƙalla 190, wanda hakan ya sa asibitoci kusan goma sha huɗu ne kawai suka cancanta a duk faɗin ƙasar. Asibitin da nake aiki yana cikin rukunin ƙananan asibitocin karkara da doka ta taƙaita wa gado 25, kin ga ke nan ko a wancan zamanin ba mu shiga ciki ba.

Hanyar da ni da kusan duk wanda na sani muka bi ita ce EB-3, wato bizar zama na dindindin ta hanyar aiki, kuma layinta ɗaya ne, ko a tsakiyar birnin New York za ki yi aiki ko a ƙauyen da ya fi kowane nisa.

Abu_Sadiq_Zariya:
Malam Bala, ina neman ƙarin haske. Ɗan wan mahaifina yana aiki a karkarar Amurka, kuma da bakinsa ya faɗa mini cewa saboda ya yarda da zaman ƙauye na shekara uku ne aka bar shi ya zauna a ƙasar. Ta yaya za a ce babu irin wannan tsarin?

Dakta_Hauwa:
Malam Abu Sadiq, ina kyautata zaton ɗan'uwanka likita ne. Abin da ya bayyana maka shi ne shirin Conrad 30, wanda aka fara a 1994, kuma sunan Sanata Kent Conrad na Dakota ta Arewa aka sa masa. Likitan da ya shiga Amurka da bizar J-1 domin samun horon ƙwarewa, doka ta wajabta masa komawa ƙasarsa na shekara biyu bayan ya gama. Shirin ya ba kowace jiha damar ɗauke wa likitoci 30 wannan sharaɗin a shekara, idan sun amince su yi aiki na shekara uku a yankin da ke da ƙarancin likitoci. Na likitoci ne zalla, ma'aikatan jinya ba sa ciki. Ina ganin daga nan ne ruɗanin yake tasowa, kuma da shi ne masu neman kuɗin mutane suke fakewa, domin rabin maganar gaskiya ce.

Abu_Sadiq_Zariya:
Haka ne, likita ne. Na gode, Dakta, na janye maganata.

Sista_Rabi_Texas:
Bari in ɗora a kan bayanin Malam Bala, domin akwai sassauci guda da aka yi wa ma'aikatan jinya, kuma ya kamata a faɗe shi. Ma'aikatar Ƙwadago ta Amurka ta sanya aikin jinya a cikin wani jeri da ake kira Jadawalin A, wato ayyukan da gwamnati ta riga ta yarda cewa ma'aikatansu sun yi ƙaranci. Saboda haka asibitin da zai ɗauke ki ba sai ya bi doguwar hanyar tabbatar da cewa ya nemi ɗan ƙasa bai samu ba, kai tsaye zai shigar miki da takardar I-140, wato takardar nema miki bizar zama ta hanyar aiki, a hukumar shige da fice. Wannan yana rage lokaci sosai, amma bai ba ki lambar biza ba, wato gurbi a cikin adadin bizar da ake bayarwa a shekara.

Lambar biza ita ce inda gizo ke saƙar. Doka ta taƙaita bizar zama ta hanyar aiki zuwa 140,000 a shekara, kuma rabon EB-3 shi ne kashi 28.6 cikin ɗari, wato kimanin 40,000. A cikin wannan adadin ne injiniyoyi da malaman makaranta da masu aikin kwamfuta da ma'aikatan jinya suke rabo, kuma miji da 'ya'ya ma ana ƙirga su, ta yadda nas mai miji da 'ya'ya uku lamba biyar za ta ci. Ranar da aka shigar da takardarki ita ce ranar shigarki layi, kuma duk wata Ma'aikatar Harkokin Waje tana fitar da sanarwar inda layin ya kai. A watan Mayu na 2023 an ja layin baya ga mafi yawan ƙasashen duniya, har da namu, aka bar mutanen da suka ci duk jarrabawa suna zaune a gida suna jira, asibitocin da suka ɗauke su ma suna jira. Wata ƙawata ta riga ta sayar da kayan ɗakinta kafin wannan ya faru, ta koma gidan iyayenta da yara. Duk wanda ya ce miki wata shida, ki tambaye shi ta wace ƙofa zai tsallake wannan layin.

Maman_Ilham:
Allah ya saka da alheri, Sista Rabi. To mene ne mutum zai fara da shi, kuma me ya kamata ya biya da kansa?

Sista_Rabi_Texas:
Da farko za ki zaɓi jiha, domin kowace jiha da hukumarta ta ba da lasisin jinya. Mafi yawansu za su nemi a tantance takardun karatunki, galibi ta hannun CGFNS, cibiyar tantance takardun ma'aikatan lafiya baƙi da ke Philadelphia, wadda yanzu ake kira TruMerit, kuma makarantarki da Majalisar Jinya da Ungozoma ta Najeriya ne za su aika da shaida kai tsaye, ba ke za ki kai da hannunki ba. Sai jarrabawar samun lasisin jinya, NCLEX-RN, wadda aka sauya wa fasali a watan Afrilu na 2023, aka ƙara tambayoyin da ke auna yadda nas take yanke shawara a kan mara lafiya. Kuɗin rajistarta dala 200 ne, da ƙarin dala 150 ga mai rubutawa a wajen Amurka. Ni a Johannesburg na rubuta tawa, kuma kuɗin jirgi da masauki sun fi kuɗin jarrabawar nesa ba kusa ba. Sai jarrabawar Turanci, IELTS ko OET ko TOEFL, domin Najeriya ba ta cikin ƙasashen da aka ɗauke wa, duk da cewa da Turanci muka yi karatu. Daga nan sai takardar VisaScreen, wato shaidar cewa an tantance karatunki da lasisinki da Turancinki, wadda dokar shige da fice ta 1996 ta wajabta. Ganawar ƙarshe a ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Legas ake yin ta. Kamfanin kirki ba ya karɓar kuɗin nema miki aiki, domin asibitin ne yake biyansa.

Lauya_Mai_Nazari:
Akwai maganar da ban ga an taɓo ba, kuma ita ce ta fi shafar Maman Ilham a yanzu. A watan Disamba na 2025 Shugaba Trump ya faɗaɗa dokar taƙaita shiga Amurka, aka sanya Najeriya a rukunin ƙasashen da aka dakatar wa bizar zama na dindindin da ta ziyara da ta karatu, kuma ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026. EB-3 bizar zama ce, saboda haka ta faɗa ciki. An sanya Nijar a rukunin da aka rufe wa ƙofa gaba ɗaya, inda Chadi da Sudan suke tun watan Yuni na 2025. Ba wannan ne karon farko ba, domin a farkon 2020 ma an dakatar wa 'yan Najeriya bizar zama, har sai da Shugaba Biden ya soke umarnin a ranar da ya hau mulki, 20 ga Janairu, 2021. Irin wannan umarni da sa hannun mutum ɗaya yake zuwa, da sa hannun mutum ɗaya kuma yake tafiya, don haka kafin a kashe kuɗi a duba shafin ofishin jakadancin domin ganin halin da ake ciki a ranar. Mutumin da ya zo yana alƙawarin wata shida ba tare da ya ambaci wannan ba, ko dai bai san aikinsa ba, ko kuma da gangan ya ɓoye.

Ummu_Khadija_Kano:
To ba za a iya bi ta H-1B ba? Na ji ana cewa ta fi sauri.

Lauya_Mai_Nazari:
Da wuya, Hajiya. H-1B ta ayyukan da ba a shiga sai da digiri ce, alhali a Amurka ana iya zama nas mai lasisi da karatun shekara biyu, shi ya sa aikin jinya na yau da kullum ba ya cika sharaɗinta, sai dai manyan matakan ƙwarewa. Ga kuma kuɗin dala 100,000 da aka ɗora wa sababbin takardunta a watan Satumba na 2025, wanda ƙaramin asibitin ƙauye ba zai iya ɗauka ba. An sha kai ƙudiri majalisar dokokin Amurka tun 2020, wanda Sanata Dick Durbin yake cikin masu gabatarwa, domin a dawo da lambobin bizar da ba a yi amfani da su ba a shekarun baya, a ba ma'aikatan jinya 25,000 da likitoci 15,000, amma bai zama doka ba. Abin da aka taɓa yi a zahiri shi ne a 2005, lokacin da aka ware lamba 50,000 ga ayyukan Jadawalin A, kuma kafin ƙarshen 2006 sun ƙare.

Metiron_Mai_Ritaya:
'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma zuciyata ba ta yi mini daɗi ba. Shekara talatin da biyar na yi ina aikin nan, kuma na san cibiyoyin lafiya a Jigawa da Yobe inda mace za ta zo da naƙuda da daddare ba ta tarar da ungozoma ba. Muna zaune muna lissafin yadda za a je a cike giɓin ƙauyukan Amurka, su kuwa namu ƙauyukan wa zai cike musu? A farkon 2024 shugaban Majalisar Jinya da Ungozoma ya ce ma'aikatan jinya 42,000 ne suka bar ƙasar nan cikin shekara uku, fiye da 15,000 a 2023 kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi da Sudan cikin ƙasashe 55 da ta ce kada a riƙa zuwa ana kwasar ma'aikatan lafiyarsu. Mun sha wahala kafin iyaye a Arewa su yarda su bar 'ya'yansu mata su karanci jinya, kuma an kafa shirin tura ungozoma karkara a 2009 ne saboda yawan matan da muke rasawa wajen haihuwa. Maman Ilham, 'yata, ungozoma mai shekara shida a bakin aiki, mai jin yaren matan da take karɓar haihuwarsu, ba a maye gurbinta cikin sauƙi.

Nas_Garba_Gusau:
Mama, Allah ya ƙara girma, maganarku gaskiya ce, amma ku dubi halin da muke ciki. An tura ni wata cibiya da ba ta da wuta ba ta da ruwa, da fitilar waya muke ɗinki, kuma sau biyu muna kwana a daji saboda labarin 'yan bindiga sun doso garin. Albashina ba ya kai ni tsakiyar wata. Lokacin da Majalisar Jinya da Ungozoma ta fito da ƙa'idar cewa sai mutum ya yi shekara biyu yana aiki kafin a tantance masa takardu domin aiki a waje, a watan Fabrairu na 2024, abin da ya fusata mutane shi ne an nemi a tare ƙofa ba tare da an gyara ɗakin ba. Yajin aikin gargaɗin da ƙungiyarmu ta shiga a ƙarshen Yulin 2025 ma a kan alawus da ƙarancin ma'aikata ne. A ba mu tsaro da gida da albashin da zai riƙe iyali, ku ga ko za mu tafi.

Metiron_Mai_Ritaya:
Ban zarge ka ba, ɗana, kuma ban ce a ɗaure kowa ba. Gwamnati ta amince da manufar ƙasa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya a watan Agusta na 2024, a ƙarƙashin Minista Muhammad Ali Pate, kuma a ciki an yi maganar ƙarfafa wa masu aikin karkara gwiwa. Abin da nake jira shi ne in ga ta isa cibiyar da kake faɗa.

Aminatou_Garoua:
Ina so in kawo misali daga wajenmu, domin ya haɗa maganar Mama da tambayar farko. A 2022 lardin Kebek na Kanada ya buɗe shirin ɗaukar ma'aikatan jinya 1,000 daga ƙasashen da ke magana da Faransanci, kuma 'yan Kamaru da yawa sun tafi. Ba Montreal aka kai su ba, yankuna masu nisa aka tura su, irin su Abitibi da Gaspésie, inda suka fara da ƙarin karatu kafin a ba su lasisi. A 2024 Kebek ta daina ɗauka daga mafi yawan ƙasashen Afirka, har da Kamaru, saboda koken cewa ana raunana asibitocinmu. Wata da muka yi makaranta tare ta samu shiga, ni kuwa ina cikin shiri aka rufe.

Sani_Manitoba:
Idan abin da Maman Ilham take nema shi ne ƙasar da yarda da zaman ƙauye yake buɗe wa mutum ƙofa a dokance, to Kanada da Ostireliya ne suke da irin wannan, ba Amurka ba. Kanada ta gwada shirin shige da fice na karkara da arewacin ƙasar daga 2019 a garuruwa 11, ya ƙare a 2024, aka maye gurbinsa da sabo a Janairun 2025 mai garuruwa 14. Sai mutum ya samu aiki a garin, garin ya ba da shawarar a karɓe shi, sannan ya nemi izinin zama na dindindin. Ba na ma'aikatan jinya kaɗai ba ne, kuma wahalarsa ita ce lasisi, domin kowane lardi da nasa sharuɗɗan, shi ya sa za ka ga ƙwararriyar nas tana aikin kula da tsofaffi kafin takardunta su fito. Ostireliya kuma tana da biza mai lamba 491 da 494 tun Nuwamban 2019, waɗanda suke ɗaure mutum da zama a wajen manyan birane, bayan shekara uku ya nemi ta dindindin, amma galibi sai wanda bai kai shekara 45 ba.

NasBala_Dakota:
Bari in koma kan maganar wakilin nan, domin na gane inda ƙauye ya shigo cikin zancensa. A Amurka katin zama na dindindin bai ɗaure ki da wani gari ba, abin da yake ɗaure ki shi ne kwantiragin da kika sa wa hannu. Asibitocin karkara ne suka fi matsuwa, don haka su ne suka fi yarda su ɗauki nauyin baƙo, kuma kamfanonin da ke tsakani sukan rubuta shekara biyu zuwa uku, da tara mai nauyi ga wanda ya bar aiki kafin lokaci. Ni ban karanta nawa da kyau ba, sai da na iso na gane cewa kamfanin ne yake da ikon zaɓar garin, kuma sa'o'in da na yi ina karɓar horo ba a ƙirga su cikin wa'adin ba. A 2019 wata kotun tarayya a New York ta yanke hukunci a shari'ar ma'aikatan jinya 'yan Filifin fiye da 200, cewa tarar dala 25,000 da aka rubuta musu ta saɓa wa dokar hana fataucin mutane. Duk wanda aka miƙa wa kwantiragi ya tambayi abu uku a rubuce: sunan garin, yadda ake ƙirga wa'adin, da adadin tarar.

Game da aikin kansa, wanda ya saba da babban asibitin gwamnati a gida ba zai ji baƙunta ba, domin da daddare mu biyu ne a kan komai, daga haɗarin mota zuwa ciwon zuciya, kuma mai tsananin ciwo sai a tura shi babban gari, wani lokaci da jirgi mai saukar ungulu. Abin da ya ba ni wahala shi ne rubuta komai a kwamfuta, da tuƙi a kan ƙanƙara, da kaɗaici. Masallacin Juma'a mafi kusa da ni tafiyar fiye da awa biyu ce, naman halal kuwa sai mun je birni mun saro na wata guda. Mutanen garin sun karɓe mu hannu bibbiyu, amma maiɗakina ta yi wata uku ba ta ga wanda za ta yi Hausa da shi ba sai ni.

Ummu_Khadija_Kano:
Malam Bala, yaya batun hijabi a wajen aiki a irin waɗannan garuruwan? Shi ne abin da maigidana ya fi tambaya.

Sista_Rabi_Texas:
Bari in amsa, tunda ni ce mai sakawa. Dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta hana mai ɗaukar aiki nuna bambanci saboda addini, kuma ta wajabta masa yin sassauci gwargwadon hali. Ina saka ƙaramin hijabi mai kama jiki a kan kayan aiki, a ɗakin tiyata kuma akwai abin rufe kai na musamman. Tambayoyi daga marasa lafiya ba sa ƙarewa, musamman tsofaffi, amma ba a taɓa hana ni aiki ba.

Maman_Ilham:
Na gode muku baki ɗaya. Na tura wa wakilin tambaya cewa ya faɗa mini sunan bizar da lambarta, da sunan asibitin, da yadda zai yi da dokar Janairu, har yanzu bai ba ni amsa ba, kuma na gargaɗi abokan aikina biyu da suka yi niyyar biya gobe. Mama Metiron, maganarku ta tsaya mini a rai, domin na san matan da nake karɓa da sunayensu, kuma ban yanke shawarar komai ba tukuna. A yanzu zan fara shirin jarrabawar Turanci, tunda ko ina mutum ya nufa sai ya bi ta kanta. Malam Sani, idan ba damuwa, ina so ka yi mini bayanin yadda lasisin Manitoba yake, kuma ko suna la'akari da takardar ungozoma ko ta jinya kaɗai suke dubawa.